Na Ɓoye Mai Saƙonnin Yaudara, Yayana Ya Rasa Shago

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A sakaya sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Farar shaddar wani saurayi na fara hangowa tsakanin tirelolin da ke layi a bodar Magama, ko ɗigon baƙin mai babu a jikinta. Ya shigo shagon intanet na yayana, inda nake ba kwastomomi lambar shiga, ya ce, "Madmazel, rezonku na da ƙarfi?" Ɗan Maraɗi ne, yana surka Faransanci: madmazel budurwa, rezo kuma netwok. Ni da na girma cikin littattafan soyayya, sai na ji yau labarina ya fara. Ba a jima ba ya turo mini imel, wai ni ce ruwan sanyin da matafiyi ke mafarki. Har haddace shi na yi.

Sai kamfanin da ke ba mu layi ya kira Yaya: ana watsa saƙonnin yaudara daga shagonmu, mu toshe mai yi ko su yanke mu. Yaya ya ce, "Auta, ke kika san masu shiga, duba mani." Kafin in duba, wani direba da nake buɗe wa imel ya fashe da dariya, "Hajiya zo ki gani, wai ni da gemuna ne ruwan sanyin matafiyi!" Ko kalma ɗaya ba ta canja ba, sai dai a ƙasa an nemi lambar asusunsa na banki.

Na san mai shi. Amma in na toshe shi, wa zai sake kirana madmazel? Na dubi Yaya na ce, "Ba daga nan ba ne, kuskurensu ne." Ya yarda, har ya yi ta faɗa da su a waya. Suka yanke layin, kwastomomi suka watse, mutumina ya tsallaka boda ko sallama babu.

Wani lokaci nakan ce ai kamfanin ma da laifi. Su masu manyan na'urori, me ya hana su tace saƙonnin da kansu? Amma ai sun yi gargaɗi. Ni ce na yi ƙarya.

Shekaru sun wuce. Yaya yanzu fetur yake sayarwa a kwalba bakin titi, tari ya kama shi. Duk hirar da ta biyo ta kan shagon sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya jawo mani wannan. Auta, ce amin mana."

Kuma ina cewa. In na faɗa masa, na rasa shi. In na yi shiru, da bakina nake tsine wa kaina. Jama'a, me zan yi?