Komfutarka Ta Sa An Zub da Jini a Shago

Assalamu alaikum Nasiru, ɗana. Ina gajiya, ya aiki, ya su Hadiza da yara? Mu nan Bagudo lahiya, sai abin da ya faru.

Komfutar da ka sa ma babanku a shago, naira kaɗai ta sani. Alhaji Garba, abokin cinikinshi na ƙasar Binin, ya biya kuɗin albasa da sefa, kuɗin ƙasarsu, babanku ya rubuta su kamar naira. Sai ta nuna wai da saura bashi. Babanku ya yarda da ita, ya ce ma mutumen ɓarawo gaban jama'a. Alhaji ya shaƙe shi, shi ko ya ɗauki ƙarfen sikeli ya kwaɗa mashi a baki. Haƙora biyu a ƙasa, jini har bisa buhuna! Ƙannen Alhaji sunka zo da adduna, da ƙyar anka raba.

Yanzu magana tana gaban alƙali, kuma Alhaji ya ce ba ya son diyya, haƙori yake so.

Don Allah ka kira yau, ka gyara komfutar ta raba sefa da naira, babanku ya gani da idonshi ya tai ya ba da haƙuri. Maganata ba ya ji, ta komfuta yake ji.

Ku sa mu addu'a. A gaida Hadiza.

Innarka