Dawar Kausani da Lissafin da Na Sa a Aljihu

Zuwa ga Baturen Gona da ya turo ni Wudil,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, ni ne malamin gona da ka ɗora wa rabon sabon irin dawa a Kausani. Na rubuto a fili ne domin a fili na ji kunya.

Na ɗaya. Damina huɗu na yi ina ƙirga zangarniya gona-gona, yadda ka koya mini. Lissafin ya nuna dawar Kausani ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta jure wa ƙuduji, ciyawar nan mai shanye dawa, ita ke cika ido, ita manomi ke ajiyewa, har shekara da shekaru ta jigawa ta fita daban, ta fadama daban. Na kawo maka takardar, ka ce lissafin gonar gwaji ya wadatar, ka miƙo mini ita ba ka buɗe ba. Ni kuma tsoron aikina ya sa na yi shiru.

Na biyu. Da bakina na ce wa manoma su cinye tsohon irinsu. Malam Sule, dattijon da ya girmi mahaifina, ya ce irinsa ya san gonarsa. Na yi masa dariya a ƙofar mai unguwa, alhali takardar da ke gaskata shi tana aljihuna.

Na uku. Bana ƙuduji ya shanye sabon irin, kara ya tsaya iya gwiwa. Gonar Malam Sule ce ta yi, don ashe ya ɓoye irinsa a tulu. Ranar kasuwa na hange shi yana auna wa waɗanda suka bi maganata iri kyauta, sai na bi ta bayan rumfuna. Washegari ya aiko mini da kwano guda, wai malamin gona ma yana da gona.

Ina roƙo a dakatar da rabon nan, a duba lissafina, a bar wa kowa irinsa. Ina kuma roƙo ka zo Kausani mu ba mutanen nan haƙuri tare. In aiki bai bar ka ba, ni zan je ranar Juma'a bayan masallaci, in fara da gidan Malam Sule.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aikinka da mutunci.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malamin Gona, Wudil