Kazar Malam Seini Ta Taka, Ni Ban Taka Ba

Zango, Kumasi.
Litinin, kwana uku bayan Ƙaramar Sallah.

Zuwa ga yayana Alidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Basiratu da yara. Yaya Yamai, yaya zafi, yaya kasuwa? Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu nan mutanen gida kalau. Baba yana nan da ƙarfinsa da faɗansa, ƙanwarmu Rafia cikinta ya shiga wata bakwai, 'yata Hikma kuwa ta zubar da haƙoran gaba biyu, amma surutun bai ragu ba. Ni ce dai ba lafiya, kuma dalilin rubutun ke nan. Ban kira ka ba saboda ka san bangon da ke tsakanin ɗakina da na Baba, ko tari na yi sai ya ce sannu. Rafia za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka ta waya. Don Allah ka karanta yanzu, kada ka bari sai ka tashi daga shago.

An gaya maka na ji ciwo a ƙafa, amma ba a gaya maka gaskiyar abin ba. Ranar goma ga azumi na je kasuwar Kejetia sayen zare da leshi, wani mai turin amalanke ya gangaro da lodin doya, taya ta bi ta kan ƙafata ta dama. Ƙafar da nake taka keken ɗinki da ita fa, Yaya. Aka kawo ni gida a tasi, Baba ya ce ba zancen asibiti, a kai ni unguwar Tafo wurin amininsa Malam Seini mai ɗori, wanda ya ɗora maka hannu lokacin da ka faɗo daga mangwaro. Ka san yadda yake aikinsa. Ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafa, ya shafa mana man kaɗanya da garin magani, ya ɗaure mu da kara ni da ita. Ya ce ranar da kaza ta taka, ni ma na warke. Kwana goma sha takwas ina zaune a tabarma ina kallon kaza tana kallona, ɗinkin Sallar mutane duk na mayar musu. Ana saura kwana biyu Sallah kazar ta miƙe ta bi tsaba har bakin rijiya. Gidan nan ya kaure da murna, Baba har goro ya raba.

A nan laifina yake, ba zan ɓoye maka ba. Ƙafar tana yi mini zugi kamar ana hura wuta a ciki, amma na yi shiru. Sallah uku ke nan ina yi wa Hikma alkawarin kai ta filin wasan nan na bayan gari, mai lilo iri-iri, kuma Sallah uku ina karyawa, don duk ranar Idi a gajiye nake liƙis da ɗinki. Tun rasuwar babanta ba wanda ya kai ta ko'ina. Ita ce ta fara ganin kazar ta taka, ta shigo da gudu tana tsalle, ta ce to yanzu ba ni da sauran hujja. Na dubi bakin nan mai giɓi, na ce mata za mu je. Na ce wa kaina kazar ma ai da ɗingishi ta fara.

Washegarin Sallah muka shirya, ni da ita da Rafia. Maƙwabciyarmu Hajiya Sahadatu ta ara mini keken guragu na marigayi mijinta, da sandunansa biyu na dogarawa. Alhaji dogo ne, ni kuma ka san tsawona, sandunan har kunnuwana suke ɗaga mini kafaɗu. Torotoro uku, motocin hayar nan, suka wuce mu, kowane kwandasta ya ga keken sai ya buga mota su yi gaba. Na huɗun ne ya ɗaure shi a baya da igiya yana mita. Da muka isa, ashe tun daga ƙofa har ciki tsakuwa aka zuba. Tayoyi suka nutse, Rafia da cikinta tana turawa tana nishi, sai da wasu mata biyu suka kama muka fita kan siminti.

Rabin Zango yana wurin, kowa cikin kayan Sallah, wasu ma ni na ɗinka musu bara. Masu aikin wurin ba su da laifi. Wani daga cikinsu ya ce tunda a keke nake ba sai mun bi layi ba, ya buɗe mana ƙofar gefe. Hikma ta hau lilon dawakai sau biyu, ta hau ƙaramin jirgin ƙasa, ina gefe ina ɗaga mata hannu. Muna nan a inuwa Rafia ta tafi sayo ruwa, sai wata tsohuwa ta zo wucewa ta ajiye mini kuɗi a cinya, ta ce in yi mata addu'a. Yaya, ni Barkisu, da atamfata sabuwa da ɗan kunnena! Na san alheri ta nufa, amma zuciya ta ɗebe ni. Kafin Rafia ta dawo na bar keken a gindin bishiya na hau sanduna.

Abin da Hikma ta zo dominsa shi ne babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda yake ɗaga mutane sama cikin kejin ƙarfe. Aka ce yarinya kamarta ba ta hawa sai da babba, mai ciki kuma ba ta hawa. Saura ni. Mai kula da lilon ya ce sanduna ba sa shiga keji, ya tambaye ni har sau biyu ko zan iya taka ƙafar. Na ce masa na warke tun kafin Sallah. Na shiga da tsalle a ƙafa ɗaya. Da muka kai can ƙoli, Kumasi duka ta shimfiɗu a ƙasanmu, jajayen rufin kwano har iyakar gani. Hikma ta ƙanƙame hannuna tana ihu tana neman rufin gidanmu, ta rantse wai ta hango Baba a ƙofar gida. Rabon da in ji dariyarta irin wannan tun babanta yana da rai. Ko yanzu da nake kuka ban iya cewa na yi da-na-sanin wannan hawan ba. Wajen sauka ne kejin ya yi lilo, na tafi zan faɗi a kan yarinyar, na dira da ƙafar dama da dukan nauyina. Ni kaina na ji ƙarar.

A ɗakin ba da agaji na wurin, wata nas Ba'asantiya ta kwance ɗorin. Da ta ga abin da ke ƙarƙashin karan sai ta kawar da kai, ta sa aka fitar da Hikma. Ta ce kada mu biya gida, mu wuce asibiti. A can aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya nuna mini ƙasusuwa uku da suka karye, ya ce tun farko ba su haɗu ba, faɗuwar ta ƙara raba su ne kawai, kuma akwai rauni a tafin ƙafar da ya ruɓe a cikin ɗauri. Ya ce a yi mini aikin tiyata kafin Alhamis, in aka wuce haka ba ya ba ni tabbacin ba za a yanke ta daga idon sawu ba.

Kafin a ba ni gado Baba ya iso. Bai ɗaga murya ba, ka san in ransa ya ɓaci sosai ba ya ɗagawa. Ya ce shekara arba'in ba a taɓa kwance ɗorin Malam Seini a hannun wani ba sai a kan 'yarsa, da wane ido zai dube shi. Ya ce mutanen asibiti ba su san komai ba sai wuƙa, haka suka yi wa ƙaninsa, ya shiga da ƙafa biyu aka fito da gawarsa. Ya ce in tashi mu tafi, na tashi. Jiya Malam Seini ya zo ya sake ɗaurewa, ya ce ni na ɓata aiki da yawon banza. Ban musa ba. Na tambayi Baba a hankali ko zai bari a gwada na likitan, ya ce in na koma asibiti ba da yawunsa ba. Na san tsoro ne yake cinsa, ba ƙiyayya ba, jiya ko tuwo bai taɓa ba. Amma yau da safe Rafia ta leƙa ƙarƙashin tsumman, yatsu biyu sun yi baƙi. Ta soka mini allura a babban, ina kallo, ban ji komai ba.

Yaya, tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba abin da na iya a duniya sai ɗinki, kuma yarinyar nan ba ta da kowa sai ni. Ban ce ka taso ba, ko yau ka kamo hanya ba lalle ka riske ni kafin Alhamis ba. Kai kaɗai ne Baba yake saurara har ka gama magana. Kada ka zagi Malam Seini, nan take zai kashe wayar. Ka ce masa kai ka ɗauki nauyin abin, in wani abu ya faru a ɗora a kanka. Ka ce masa za ka kira Malam Seini da kanka ka ba shi haƙuri. Ka gaya wa Baba zancen yatsun, ni na kasa.

Na riga na yi magana da Abdul-Rahaman mai tasi, zai zo jibi Laraba da hantsi. Zan shiga motar nan ko Baba ya yarda ko bai yarda ba. Shekarata talatin da huɗu ban taɓa ƙetare maganarsa ba, kuma ba na son ranar farko ta zama ranar da za a kwantar da ni a sa mini allurar barci. In ban farka ba, ba na so in tafi yana fushi da ni. Abin da nake roƙo ke nan, ka sa ya fito ƙofar gida ya ce mini Allah ya ba da sa'a.

Ka gaida Anti Basiratu, da Kamil da Fu'ad, da Gwaggo Sala in ka je unguwarsu, amma kada ka tayar mata da hankali tukuna. Rafia da Hikma suna gaishe ku. Baba yana zama a dakali bayan La'asar, wayar tana aljihunsa. Don girman Allah ka kira yau.

Ƙanwarka da ke jiran ka,
Barkisu.