Kakanmu Dogara Bai Gudu Ba

Suleja, Fabrairu 1979

Yaya Luba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yaran. Nan ma lafiya, sai ƙafar Kaka Mairama da ke yawan kumbura.

Saƙonki ya iso, wai in bar tone-tone. Yaya, ba ke aka ci wa mutunci ba. Ranar sunan ɗana, Baba Ɗantala, ƙanen kakanmu, ya ɗauki jaririn a gaban jama'a ya ce Allah ya sa kada ya gaji Dogara wajen gudu. Aka yi dariya, Kaka tana jin su daga tsakar gida. Tun garin nan ana ce masa Abuja yake wannan waƙa: wai da Turawa suka kai kakanmu yaƙin Jamus a Kamaru, ya yar da bindiga, ya auri wata a can, ya manta da matar da ya bari da cikin babanmu. Da wannan magana Baba Ɗantala ya riƙe gonar kakanmu ta Maje. Babanmu ya mutu bai taɓa ɗaga kai a gabansa ba. Ni ba zan iya ba.

Na samu lodin goro zuwa Yola. Daga can zan ƙetara in ga wurin da idona.

Ƙanenki,
Rabi'u

Suleja, Maris 1979

Yaya Luba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin 'yarki Nana? Na dawo lafiya, amma zuciyata tafasa take.

Na je Garwa na yi ta tambayar tsofaffin soja, har aka tura ni Mora. A can aka kai ni wurin Malam Ummaru, mutumin Zariya ne, yaƙi ya kai shi bai dawo ba. Ina ambaton Dogara na Abuja ya kama hannuna, ya tambaye ni ko mai wushirya, wanda ba ya cin kuɓewa. Na ce masa shi ne.

Ya sa aka ɗora shi a jaki ya kai ni gindin dutsen da aka yi yaƙin a kansa. Dutse ne tsaye, ko akuya sai ta yi tunani. Nan aka ce su hau, ana zuba musu wuta daga sama. Ya nuna mini inda harsashi ya sami kakanmu a wuya, da tarin duwatsun da suka rufe shi da su bayan sun sallace shi. Yanzu gero ne kewaye da wurin, ba suna, ba alama.

Ga abin da ya fi ƙona ni. Da aka zo ɗibar soja, ba Dogara ne mai unguwa ya zaɓa ba, Ɗantala ne. Ya shige rumbu ya ɓuya, wansa ya tafi a madadinsa. Kuma wani da ya dawo gida bayan yaƙi, an aiko shi da labarin rasuwar, Ɗantala ya samu a ƙofar gida ya faɗa wa.

Da na dawo gida, na sami Baba Ɗantala bayan la'asar a ƙofar masallaci, na faɗi duka a gaban dattawa. Na jira ya ƙaryata ni. Sai ya ce in dubi furfurarsa. Na ce masa wansa bai samu yin furfurar ba. An ce na yi rashin kunya. Na yi, kuma maganar gona tana gaban alƙali.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko an sallace shi, na ce an yi. Sai ta cire 'yan kunnenta ta miƙo mini, ta ce takaba za ta shiga. Liman ya zo ya yi mata bayanin cewa lokacinta ya wuce da daɗewa. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba.

Ki zo ki yi mata gaisuwar mijinta.

Ki gaida maigidan da yaran.

Ƙanenki,
Rabi'u