Ka Cire Kwaɗon da Ka Garƙama wa Ɗakin Ƙarafa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Walwalar Ma'aikata na ma'aikatarmu, Abuja.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ni ce Hauwa'u ta sashen rajista, wadda ka ce wa "'yata, mace ba ta ɗaga ƙarfe" ranar da ka hana mata shiga ɗakin ƙarafan motsa jiki, ka bar mana tsohon keke ɗaya a baranda.

Na farko. Tun ina sakandare ciwon mara ke kayar da ni duk lokacin al'ada: amai, ciwon baya, murƙususu. Likitata ce ta ce in ƙarfafa tsokar baya da ta ciki da cinyoyi, mu gani. Na fara da ƙananan ƙarafa bayan an tashi aiki. Ciwon bai tafi ba, amma ya sassauta har na daina fashin aiki. Ban ce kowace mace haka za ta gani ba, ni dai na gani a jikina.

Na biyu. Hujjarka wai ɗaga nauyi yana "saukar da mahaifa". Ikon Allah! Yaushe ka zama likitan mata, yallaɓai? Mu ɗin nan ne fa ke hawa bene da kwalayen fayil duk ranar da lif ya tsaya, ban taɓa jin ka tausaya wa mahaifar kowa ba. Ashe nauyi ba ya illa sai in don kanmu muka ɗauka.

Na uku. Tun da ka garƙame mana ɗakin, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Watan jiya a tashar Utako na durƙushe, wata baiwar Allah ta riƙe ni har na dawo hayyacina. Na makara zuwa aiki, aka ba ni kweri, wato takardar tuhuma. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, kuma oga ya ce in aka ƙara, fayil ɗina ba zai wuce teburinsa ba. Ka ce in tafi gidan motsa jiki na Maitama in biya. Da wane albashin?

Roƙona kaɗan ne. Ka buɗe ɗakin, ka ware mana lokacinmu, kuma ka tambayi likita kafin ka sake yanke hukunci kan jikin da ba naka ba. Wata ya kusa zagayowa, kuma wallahi tsoro nake ji.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare ka daga ciwon da za ka faɗa a ce maka raki ne.

Wassalam.
Hauwa'u, sashen rajista.