Kujerar da Ka Bari

Zuwa ga Yayana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga saƙona a bainar jama'a, kowa ya karanta.

Ka gaya wa Inna na ci amanarka, na hau kujerarka tun ba ta huce ba. E, na hau. Amma kai ka sauke kanka, Yaya.

Lokacin korona kai kake kwasar masu shara daga garin Wakra zuwa filin jirgi, da takunkumi har ƙasan ido. Kai ka nemo mini aiki, ka koya mini titunan Doha. Kullum sai ka ce, "Direban kirki madubi yake kallo, ko akwai mai gudu." Duk tashar an san ka da jiran mutane.

Da Kofin Duniya ya matso, masu bincike suka kawo bas mai tuƙa kanta, aka zaɓe ka ka zauna a ciki saboda tsaro. Aikin ɗaya ne: ka ɗora hannuwanka a gwiwa, kada ka taɓa komai sai in rai na cikin haɗari. Ka dawo ɗaki kana ta fankama, wai an ba ka motar aljanu.

Sai ga wani tsoho mai shara ya taho a guje, motar ta riga ta rufe ƙofa. Ka danna birki. Suka yi maka bayani da lalama, cewa duk taɓawarka ɓata musu gwaji take yi. Ka ce to. Washegari wata mata ta ɗaga hannu, ka sake. Da suka gaji suka ce khalas, wato shi ke nan, kamfani ya ce ba shi da wata motar da zai ba ka, sai jirgin komawa gida. Ko wasa ɗaya ba ka gani ba.

Wa ka yi wa gwaninta? Tsohon bai san sunanka ba, wata motar ma tana tafe a baya. Ka koma Funtuwa kana zaman benci, kana ba yara labarin tausayinka. Ni kuwa sun ce ba su taɓa samun irina ba. Yabona kenan: na iya zama kamar buhun masara.

Kada ka ɗauka ban san ƙarshen abin ba. Duk ranar da na sauka ban taɓa komai ba, na ƙara nuna musu ba a bukatata. Ranar da binciken ya yi kyau, kujerar za a kwance gaba ɗaya. Ka ɗan matsa mini a bencin.

Makon jiya wani ya biyo mu da gudu. Dogo ne, yana ɗan jan ƙafar hagu kamar kai. A madubin da ka koya mini kallo na gan shi, yana ɗaga hula. Wallahi har na ji muryarka. Na bar shi yana ƙanƙancewa har muka sha kwana, aka yaba mini da yamma.

Ina kewarka, Yaya, kuma haushinka nake ji, don kai ka sa nake ganinsu.

Allah ya huci zuciyarka, ya buɗa maka wata ƙofar. Duk ranar da ka taho a guje, Allah ya haɗa ka da direba irinka, kada ya haɗa ka da ni.

Ƙaninka,
Nasiru