Ranar da Ƙasa Ta Motsa a Gonarka, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uban da ya haife ta, ina fatan Allah ya yalwata makwancinka, ya sa kana cikin ni'imarsa. Na san masu rai ne za su karanta wannan wasiƙa, amma da kai nake magana.

Baba, baƙi sun sake zuwa unguwarmu da takardar izini daga gwamnati. Wannan karon ba man fetur suke nema ba, wani ma'adini ne. Autanka Habibu, wanda shi ne mai unguwa yanzu, ya hau babur ya same ni a Gaya, ya ce in ba shi labarin yadda ka yi da na farko, don shi a lokacin rarrafe yake yi. Na ba shi. Tun da ya tafi kuma labarin ya ƙi barina.

Shekarar da na haifi Aminu ce, na dawo gida wankan jego. An gama girbi, dawa tana rumbu, kara yana tsaye a gonaki. Da hantsi muka ji rurin manyan motoci daga hanyar Gafasa. Gidanmu shi ne na ƙarshe, saboda haka ta kan danga na hango su: mutane da hulunan kwano suna ta shimfiɗa wayoyi a ƙasa, suna kafa turaku masu jan ƙyalle, a miƙe sak kamar an ja zare. Ba su kauce wa gona ba, ba su kauce wa burtali ba.

Dagacinmu na lokacin ya zo da kansa ya same ka a zaure, don kai ne mai unguwa. Abokinka ne, tare kuka yi karatun allo. Ina daga ciki ina jin muryarsa tana rawa don murna. Ya ce man fetur ake nema, an ba wani kamfani izinin duba ƙasarmu, shi kuma ya riga ya amsa da sunan jama'a. Ya lissafa maka titi, da asibiti, da wuta. Ba mugun mutum ba ne, Baba, kai ma ba ka taɓa cewa mugu ne ba. Matarsa ta rasu a kan amalanke a hanyar asibiti, kowa ya sani. Ya kuma gaya maka doka: manomi saman ƙasa kawai yake da shi, duk abin da ke ƙarƙashi na gwamnati ne.

Ka ce to. Da la'asar ka fita ka bi turakun nan da ƙafa, sai ka tarar sun ratsa ta tsakiyar maƙabarta. A nan za a haƙa ramuka a zuba nakiya.

Washegari na gan ka ka ɗauki buzunka. Ba ka ɗauki sanda ba, ba ka kira kowa ba. Ka shimfiɗa shi a bakin maƙabarta ka zauna da tasbihi, injin haƙa yana ta ruri a gabanka. Rana ta ɗaga. Inna ta aika maka da ruwa, ka sha ka mayar da kwanon. Kafin azahar tsofaffin unguwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi wuri kusa da kai ya zauna. Ina tsaye da jariri a kafaɗa, ina kallon 'yan sandan da ke tare da baƙin. Ban taɓa ganin zaman shiru mai nauyi irin wannan ba.

Maganar da ka gaya wa dagaci a wurin har yau ana maimaita ta: "An ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. To iyayenmu ma a ƙarƙashin ƙasa suke. A tambayo mini ko da su aka ba da izinin."

Shugaban ma'aikatan wani dogon mutum ne daga Kudu. Ya cire hularsa ya tsuguna a gabanka, tafinta yana tsakani. Ya ce ba shi da ikon fasa aiki, amma zai iya karkata layin in an samu wanda zai ba da fili. Sai ka nuna gonarka ta fadama, wadda ke da rijiyar da kuka haƙa da mahaifinka, ka ce: "Wannan tawa ce, ku bi ta ciki. Waɗancan kuwa ba ni da bakin da zan ba da su."

Ranar da aka tayar da nakiyar ina zaune kusa da randa ina shayar da Aminu. Ba ƙarar ce ta fara zuwa ba. Ƙasa ce ta bugo ni ta ƙarƙashin tabarma, kamar wata babbar dabba ta juya a cikin barci. Ruwan randa ya yi ta rawa shi kaɗai. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya, jariri ya saki nono ya buɗe ido, Inna ta kama salati. Tun da aka haife ni ƙasa ita ce abin da ba ya motsi. Ranar na san ita ma baiwar Allah ce, tana iya amsawa.

Rijiyarka ta rufta a wannan bugun. Ranin shekarar ba mu yi albasa ba, ba mu yi tumatir ba.

Amma ba wannan ka dawo mana da shi gida ba. Dogon mutumin ya gayyace ka cikin motar da injunansu suke, ya nuna maka wata doguwar takarda da allurai suka zazzana. Ya ce ƙara ce take nutsawa ƙasa ta dawo da labari. Ka shigo gida ka zauna a kan turmi, abin da ba ka taɓa yi ba, idanunka kamar na wanda ya dawo daga aikin hajji. Ka ce mana ashe ƙasa hawa-hawa ce, yashi a kan laka, laka a kan dutse, zurfin da guga ba zai taɓa kaiwa ba. Ka ce mutumin ya gaya maka shi man da suke nema ragowar halittu ne da suka mutu tun kafin ɗan Adam ya taka duniya, Allah ya adana su a can cikin duhu. Sannan ka ce: "Ashe duk tsawon rayuwarmu fatar ƙasa kawai muke sosawa da fartanya." Ka yi ta maimaita tabarakallah har kunun da Inna ta ajiye maka ya huce.

Wannan ne abin da na fi kasa bayyana wa Habibu. Mutumin da ya tare musu hanya shi ne kuma ya fi kowa girmama abin da suka gani. Ba ka tsane su ba, ba ka ji tsoronsu ba. Ka ba su gonarka, ka hana su iyayenka, ka kuma gode musu da suka nuna maka ikon Allah.

Suka naɗe wayoyinsu suka tafi. Ko sun ga mai ko ba su gani ba, babu wanda ya dawo ya gaya mana. Titin bai zo ba a lokacin. Abin da ya zo shi ne kira daga manyan masarauta, don dagaci ya kai ƙara cewa ka tsayar da aikin gwamnati, ka kuma kunyata shi a gaban baƙi. Ka tafi da rawani, ka dawo da hula, rawanin a naɗe a hammatarka, an tuɓe ka daga sarautar unguwa. Mata suka cika gidan suna jaje. Kai kuwa ka wanke hannu ka tambayi ko akwai sauran tuwo.

Har ka bar duniya ban ji ka ambaci dagaci da mummunar kalma ba. Shi ne dai ya daina iya haɗa ido da kai, ya riƙa canza hanya in ya hango ka.

Yana nan da rai, Baba. Ya tsufa tukuf, idanunsa sun tafi, ya daɗe da sauka daga sarauta. Da Habibu ya tara jama'a a kan zancen sababbin baƙin, na je, na zauna cikin mata a bayan danga. Ana cikin muhawara, masu cewa a karɓa da masu cewa a kore su, sai ga shi an riƙo hannunsa. Ya ce shi ya ga asibiti, kai ka ga iyaye, da kun zauna tare da kun ga duka biyun. Ya ce kada kowa ya sake amsawa da sunan jama'a alhali jama'a suna da bakinsu.

Haka aka yi. An gaya wa baƙin su duba, amma ban da maƙabarta, ban da rijiyoyi, kuma kowace gona sai an tsaya gaban mai ita an tambaye shi. Sun ce za su koma su yi shawara da manyansu. Ba mu san abin da za su dawo da shi ba. Habibu ya rame, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Da ka gan shi da ka yi murmushi.

Da taro ya watse tsohon ya sa aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya lalubo hannuna ya riƙe, hawaye suna bin gemunsa. Ya ce ya yi ta shirin zuwa wurinka, gobe, jibi, har aka zo aka ce masa ka rasu. Ya ce ni ce babba a cikin 'ya'yanka, in yafe masa a madadinka.

Baba, na yafe. Ban san ko ina da wannan bakin ba, kai ne ka koya mana kada mutum ya ba da abin da ba nasa ba. Amma na duba duk saninka da na yi, ban ga inda za ka ce a'a ba. In na yi azarɓaɓi ka yi mini haƙuri, kamar yadda ka saba.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka da na Inna. Allah ya ba Habibu ƙarfin zuciya da mashawarta na gari. Abin da ya ɓoye a ƙarƙashinmu, in alheri ne ya fito mana da shi cikin aminci, in fitina ne ya bar shi inda yake. Allah ya sa abokinka ya cika da imani, ya haɗa ku a inuwa ɗaya a Aljanna, inda babu mai canza hanya. Amin.

'Yarka mai kewarka kullum,
wadda ba ka taɓa kiran sunanta ba sai dai Uwata.